Alƙali ya ce mu je mu yi sulhu, ni kuma ina tsoron a raba ni da ɗana

Assalamu alaikum Anti. Ni mace ce mai shekara 27, daga wani ƙauye a ƙasar Gumel. Aurenmu ya mutu wata 14 da suka wuce, shi ya sake ni, na dawo gidanmu da yara biyu, namiji mai shekara 7 da mace mai shekara 3. Da ƙaramar Sallah baban yaran ya aiko ƙanensa ya ɗauki namijin a kan zai yi kwana uku ya gaida kakarsa. Har yau bai dawo ba. Na aika sau uku, a ƙarshe ya ce a gaya mini yaro ya isa komawa gidan ubansa, ita ma macen yana nan zuwa ɗaukarta, don ya ji ina da manemi, kuma 'ya'yansa ba za su yi agolanci a gidan wani ba. Gaskiya ne akwai mai nemana, an ma fara maganar bayan kaka. Ran kasuwa na hango yaron yana riƙe da igiyar akuya, kansa duk makero, rigar da na ɗinka masa ta Sallah ce a jikinsa. Da ya gan ni sai ya sunkuyar da kai. Ƙanwarsa kullum da magariba sai ta tambayi ina Yaya. Na kuma ji ana cewa da an gama girbi za a tura shi gabas karatu. Tun da muka rabu, abin da uban ya kawo bai wuce kwano 10 na gero da naira 5,000 ba. Na kai ƙara kotu ba da son Babanmu ba. Alƙali ya saurare mu, ya ce mu je mu yi sulhu gaban manya mu dawo bayan mako uku. Baba ya ce in bar musu, ɗa na uba ne, kuma abin kunya ne mace ta tsaya gaban alƙali a kan ɗan fari. Inna ba ta ce komai ba, kuka kawai take yi. An sa zama a zauren dagaci. Anti, shin alƙali ya guje ni ne? In ɓoye maganar auren, ko in fasa shi gaba ɗaya? Ina tsoron in shiga zauren nan in fito ba ni da ko ɗaya.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma inda na daɗe ina tsaye shi ne wurin da yaron ya gan ki ya sunkuyar da kai. Kada ki ɗauka ya manta da ke, ko an juya masa tunani. Yaro mai shekara 7 ya san ana rigima a kansa, kuma bai san ran wa zai ɓata ba idan ya saki igiyar nan ya rugo ya rungume ki a tsakiyar kasuwa, ga mutanen gidan ubansa suna kallo. Kayan ya yi wa wuyansa nauyi. Duk abin da zan gaya miki, sauke masa wannan kaya nake nema.

Alƙali bai guje ki ba. Tura masu jayayya su je su daidaita tsohuwar hanya ce a shari'ar Musulunci, musamman idan akwai zumunci ko 'ya'ya a tsakani. Alƙur'ani ya faɗa a Suratun Nisa'i, aya ta 128, cewa sulhu alheri ne, kuma an ruwaito Sayyidina Umar yana umartar alƙalai su mayar da 'yan uwa su sasanta, domin yanke hukunci yakan bar gaba a zukata. Ki duba lamarinki da kyau. Ke da mutumin nan kun rabu, amma akwai shayi, akwai saukar karatu, akwai ranar da yarinyar za ta yi aure kuma shi ne waliyyinta. Hukunci zai iya ba ki yaro yau, sai dai ba zai bi uban gona ya sa shi auno gero da daɗin rai har shekara goma ba. Abin da mutum ya amsa da bakinsa gaban dagacinsa da limaminsa ya fi yi masa wuyar takewa. Su ma dokokin zamani nan suka dosa. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, wadda ta zo da tsarin kotun iyali, maslahar yaro ta sa a gaba da son ran iyaye, Jigawa kuma ta yi tata dokar kare yara a 2021, Kano a 2023. A karkararmu dai irin wannan magana tsakanin Musulmi gaban alƙalin kotun shari'a take zuwa, kuma ƙararki tana nan a buɗe. Mako uku ya ba ku, bai kore ki ba.

Amma tsoronki yana da tushe, ba zan ce miki babu ba. Sulhu yana zama zalunci idan ɗaya ya shiga bai san haƙƙinsa ba, aka yi amfani da kunyarsa aka rufe masa baki. Shi ya sa ƙa'idar ta ce sulhu ya halatta tsakanin Musulmi, ban da wanda ya halatta haram ko ya haramta halal. To ki san abin da ke hannunki kafin ki taka ƙofar zauren nan.

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke hukunci da ita, riƙon yaro bayan rabuwar aure na uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Haka yake a Risala, littafin fiƙihun Malikiyya wanda kusan duk limamin ƙauye ya karanta, don haka ba baƙuwar magana za ki kai musu ba. Cewa yaro yana komawa gidan ubansa da an yaye shi, ko da ya kai shekara 7, al'ada ce da muka taso muka tarar, ba hukunci ba ne a mazhabarmu. Wata mata ta zo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce cikinta ne ya ɗauki yaron, nononta ya sha, cinyarta ce makwancinsa, ga uban ya sake ta yana son ƙwace shi. Aka ce mata ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. Ciyarwa kuwa, da sutura da magani da kuɗin karatu, suna wuyan uba ko da yaran suna hannunki, gwargwadon ƙarfinsa. Kwano 10 a wata 14 ba ciyarwa ba ce, kowa a zauren ya san haka.

Kin ji ƙarshen hadisin nan, matuƙar ba ki yi aure ba. A nan ne baban yaran yake da tasa gaskiyar, kuma ina so ki amsa masa ita tun kafin ya tayar. Idan kika auri wanda ba muharramin yaran ba, kika tare, haƙƙin riƙo ya bar hannunki. Sai dai inda mutane da yawa ke kuskure, ba hannun uba yake faɗawa kai tsaye ba. Mahaifiyarki ce ta farko a layi, sannan 'yan uwanki mata kamar ƙanwarki ko yayarki, sannan ƙanwar Inna ko yayarta, sannan kakar yaran ta wajen uba, kafin a zo kan uban da kansa. Imamu Malik ya kawo labarin Sayyidina Umar da ɗansa Asim. Bayan ya rabu da uwar yaron, ya tarar da shi yana wasa a Ƙuba, ya ɗauke shi ya ɗora a kan abin hawansa. Kakar yaron ta wajen uwa ta biyo shi, suka tsaya gaban Sayyidina Abubakar, kowa na cewa ɗana ne. Sayyidina Abubakar ya ce ya bar mata shi, Umar kuma bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Umar fa, wanda ake jin tsoron inuwarsa. Wannan tsohuwar da kika ce kuka kawai take yi, ita ce ƙashin bayan maganarki. Ki zauna da Inna a daren nan ki tambaye ta tsakani da Allah: za ta iya? Tana da lafiya da ƙarfin da za ta bi yaro ɗan shekara 7 da yarinya 'yar 3? Ana duba wannan, ana kuma duba cewa gidanta dabam yake da gidan da za ki tare. Idan ta ce za ta iya, ta zo zauren ta faɗa da bakinta.

Don haka kada ki ɓoye maganar auren. Ƙauye ne, an riga an sani, kuma ranar da aka gane kin ɓoye abu ɗaya, sauran gaskiyarki duk sai ta yi rauni. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Ki ce haka ne, akwai magana, kuma na yarda 'ya'yansa ba za su zauna gidan wani ba, za su zauna wajen kakarsu. Kin ga kin cire masa ƙayar da ta fi sukarsa ba tare da kin rasa komai ba. Fasa auren kuwa, ban ba ki wannan shawara ba idan mutumin kirki ne. Shekarunki 27, ba za ki zauna zawarci har yarinya 'yar shekara 3 ta yi aure ba. Abin da zan ce shi ne kada a sa rana sai takardar sulhu ta fito daga kotu. Shi ma manemin ki tambaye shi tun yanzu, a gaban wani babba naki, ko zai bar ki ki riƙa zuwa duba yaran, su ma su zo miki yini. Yadda ya amsa zai nuna miki irin mijin da za ki samu. Ki kuma sani cewa a mazhabarmu, idan riƙo ya faɗi saboda aure, ba ya dawowa don wannan auren ya mutu. Ki shiga da idonki a buɗe.

Akwai kalma ɗaya da nake roƙonki kada ta fito daga bakinki a zauren nan, ko an matsa miki, ko kuka ya ci ƙarfinki: na bar masa. Uwar da ta sarayar da haƙƙin riƙo da kanta, ba don ciwo ko wani uzuri ba, ba ta da ikon dawowa gobe ta ce ta fasa. Magana zarar bunu ce. Idan kika ji an kewaye ki da ki yi haƙuri, ki yi haƙuri, ki ce ina neman a ba ni kwana biyu in yi shawara. Babu mai ikon hana ki wannan.

Shi baban yaran, ban ɗauke shi mugu ba daga abin da kika rubuta. Ya yi kuskure babba da ya karɓi yaro da sunan kwana uku ya riƙe, wannan cin amana ne, kuma ya gaza a ciyarwa. Amma ki hango shi a majalisa ana ce masa wane, 'ya'yanka za su koma cin tuwon wani. Ki hango shi yana lissafin cewa yaron da ya kamata ya fara bin sa gona zai tashi bai san iyakar gonar gidansu ba. Shari'a ba ta manta da shi ba. Yana da ikon ganin 'ya'yansa, da tarbiyyarsu, da sa su makaranta, yaro ya yini wajensa ya dawo ya kwana inda ake riƙonsa. Ayar da ta ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta, a Suratul Baƙara aya ta 233, ita ce ta ce kada a cutar da uba saboda ɗansa. Idan kika shiga da niyyar kunyata shi gaban dagaci, zai ƙeƙasa ƙasa ko da ya san ba shi da gaskiya. Ki bar masa ƙofar da zai fita da mutuncinsa, ya iya cewa a majalisa ni na yarda su zauna wajen kakarsu.

Baba kuma tsoron bakin mutane yake ji, da ɓacin zumuncin gidaje biyu da wataƙila tun kakanni suke tare. Kada ki yi musu da shi. Ki nemi limamin da yake jin maganarsa, ko wani kawunki, ya karanta masa hukuncin a natse kafin ranar zama. Kunyar ɗan fari ta hana ki kiran sunan yaron ne, ba ta ce ki gan shi da makero ki kau da kai ba.

Na taɓa zama a irin wannan sulhu, na raka wata 'yar uwata. Maza na cikin zaure a kan tabarma, mu muna rakuɓe daga bayan ƙyaure, sai an ɗaga murya muke ji. Aka yi magana mai daɗi, uban yara ya ce in Allah ya yarda ba za su rasa komai ba, liman ya shafa fatiha, aka raba goro aka watse. Ba wanda ya tambayi kwano nawa, ran yaushe, ta hannun wa. Kaka ta zo ta wuce ba ta ga ƙwayar hatsi ba. Da ta koma, dagacin ya ce shi dai ya tuna an yi sulhu, wani dattijo ya ce ai cewa aka yi idan ya samu. Tun daga ranar, duk wadda ta tambaye ni nakan ce mata sulhun da ba a rubuta ba hira ce. Ki roƙi a bar ki ki zauna inda za a ji muryarki, ke da Inna, da namiji ɗaya naki wanda ba ya jin nauyin magana. A rubuta komai da Hausa, a karanta miki da ƙarfi kafin ki dangwala yatsa, shaidu su sa hannu, ki karɓi taki takardar. Ranar komawa kotu ku miƙa wa alƙali ya shigar da ita ta zama hukunci. Daga nan duk wanda ya saɓa, umarnin kotu ya saɓa. Amma ki lura, hukuncin da aka gina a kan yardarki wuyar warwarewa gare shi, shi ya sa nake nanata a karanta miki.

Abin da za a rubuta, ki fara da dawowar yaron, da rana takamaimai, domin raba shi da ƙanwarsa cuta ce a kan su biyun. Sai wurin zama: wajenki yanzu, wajen Inna idan kin tare. Ciyarwa ki nemi a yanka ta da kwano, kada a tsaya a naira kaɗai, don kin ga yadda kuɗin bara ba ya sayen abin bara. Manomi ya fi samun sauƙin auna hatsi lokacin kaka, ya ba da kuɗin cefane da sabulu idan ya sayar da riɗi ko zoɓo, to a bi yadda samunsa yake, kada a ɗora masa abin da zai gaza tun watan farko. A faɗi kayan Sallah, a faɗi wanda zai biya idan ciwo ya zo cikin dare. A sa wanda kayan za su riƙa bi ta hannunsa, mai unguwa ko wani dattijo, idan kuɗi ne a tura ta waya don ya bar shaida. Sannan ki yi kyauta a ɓangaren ziyara, ki ba da fiye da abin da yake zato: yinin Juma'a, hutun makaranta, Sallah ɗaya a can ɗaya a nan, da damina yaron ya bi ubansa gona ranar da babu makaranta. Wanda ya san zai ga ɗansa ranar Juma'a ba ya bukatar ya sace shi ranar Sallah.

Maganar tura shi gabas ita ce ta fi tayar mini da hankali. Karatun Alƙur'ani abin so ne, kuma uba na da ta cewa a kan karatun ɗansa. Sai dai ɗan shekara 7 da ko wankin rigarsa bai iya ba, a kai shi garin da ba shi da kowa ya riƙa yawo da roba yana neman abin da zai ci, wannan ya ci karo da riƙon da shari'a ta ba ku. Kada ki ce ba kya son ya yi karatu, za a juya miki magana. Ki ce kina so ya yi allo wajen malamin garinku safe da dare, ya je firamare, kuma a rubuta cewa ba za a fitar da shi daga gari ba sai da yardar ɓangarorin biyu.

Idan suka kafe a kan namijin, akwai matsakaiciyar hanya da za ki iya dubawa, amma sai kin natsu da ita: ya zauna a ɗakin kakarsa ta wajen uba, ba a hannun matar uba ba, da ranakun zuwa wajenki a rubuce, da sharaɗin a sake zama bayan wata shida a ga yadda yake. A rubuta ƙarara cewa wannan tsari ne na wani lokaci, ba sarayar da haƙƙinki ko na Inna ba ne. Idan ranki bai kwanta ba, kada ki karɓa. Ki koma ki ce wa alƙali an zauna ba a daidaita ba, ya yi hukunci. Rashin daidaitawa ba laifi ba ne, kuma ko hukuncin bai yi miki ba akwai kotun sama, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Dutse, sai dai ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, ba a jinkiri. Ofishin Hisbah na yankinku na iya shiga tsakani idan zaman dagaci ya karkata, kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya suna taimaka wa marasa ƙarfi kyauta. Idan kuma kika ji ana shirin tafiya da yaron kafin mako ukun su cika, kada ki jira, ki koma kotu washegari ki nemi a hana.

Abu biyu kada ki yi. Kada ki tare shi a kasuwa ki gudu da shi, za ki zama kin yi abin da kike ƙara a kai. Kuma kada ki yarda a tsayar da shi a tsakiyar zaure a ce zaɓi uwarka ko ubanka. Duk wanda ya nuna, zai girma da ciwon ɗayan. Idan ana son jin halin da yake ciki, wata dattijuwa ta ja shi gefe ta tambaye shi me yake ci, ina yake kwana, wa ke yi masa wanka. Ita kuma ƙaramar, idan ta tambayi Yaya da magariba, ki ce yana wajen Babanku, zai zo. Kada ta ji kin zagi ubanta.

Tun kafin ranar zaman, ki aiki Inna ko kawunki wajen kakarsa ta can, da sallama da ɗan goro, su roƙi a bar su su kai yaron asibiti a duba kan nan. Makeron kai sau da yawa ba ya jin man shafawa kaɗai, sai an haɗa da maganin sha na makonni, kuma yana yaɗuwa ta aska da mataji zuwa sauran yaran gidan, don haka su ma amfaninsu ne. Ki haɗa masa da wankakkiyar riga da ɗan abin da kika san yana so, ko ƙuli-ƙuli ne. Allah ya daidaita tsakaninku, ya raya miki su. Ki rubuto mini bayan zaman in ji abin da aka rubuta a takardar.